Katin Ƙofar Makaranta

Abijan, 9 ga Maris, 2003

Inna Nuhad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Abu Ziyad, wanda zai kawo miki ita, ya ce da ya zo watan jiya ya tarar da ke kina hawa bene kina yi wa kowace matakala faɗa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da ya taɓa Lamis, ta kuma warke har ta koma surutunta.

Na san abin da za ki ce: Wasim bai tuna da alƙalami ba sai da buƙata ta taso. Ba zan musa ba. Amma tun da Mama ta rasu ke kaɗai kika rage mini a danginta. Ke 'yar baffanta ce, amma ni ban taɓa jin wani bambanci ba, tun ina zama a kicin ɗinki kina koya mini Faransanci da rankwashi.

Kin ji yadda ƙasar nan ta rikice tun bara. Yau a buɗe shago, gobe a rufe. Sau biyu ana sallamar su Lamis daga makaranta da tsakar rana. Na yanke shawara zan bar shagon a hannun abokin aikina, mu dawo gida kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba. Shekara ashirin da biyu ke nan rabona da zama a Labanan, ban san komai ba yanzu, shi ya sa na zo gare ki.

Abu biyu nake roƙo. Gida a wata unguwa ta bayan gari, ba cikin hayaniyar Bairut ba. Sai makarantar da ake karatu da Faransanci, domin Larabcin Lamis bai wuce na gaisuwa da neman alewa ba. Shekararta takwas. Kin dai san yadda muke, Inna. Ina son wurin da mutane ba su da yawan ido da yawan tambaya.

Na haɗo miki da sakamakon jarrabawarta da hotonmu mu uku, ko makaranta za ta nema. Matata Matenin tana gaishe ki. Har yanzu tana aikinta na ungozoma a asibitin unguwarmu, rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo.

Ɗanki,
Wasim

Bshamun, 6 ga Afrilu, 2003

Ɗana Wasim,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, na ukun don in ƙirga kurakuran rubutu. Gwiwa tana nan yadda ka ji. Likita ya ce in rage burodi, na ce masa shi ya fara rage tumbinsa. Allah ya ƙara wa Lamis lafiya. Almaz, 'yar Habashan da take yi mini aiki shekara tara yanzu, ita ma ta yi mura, amma ta miƙe.

To ka ji ikon Allah. Hawa na uku a gininmu, nan Bshamun a bayan Bairut, babu kowa tun Janairu. Ɗaki uku ne da falo, da baranda mai kallon teku in ka ɗan miƙa wuya. Ruwa yana zuwa kwana huɗu a mako, akwai tanki, janareton unguwa kuma bai cika yin ƙarya ba. Har da ɗan ɗakin mai aiki a bayan kicin, in kun so ku zuba tarkace. Na yi wa mai gidan, Hajj Adnan, magana. Da ya ji sunan mahaifinka sai ya ce magana ta ƙare.

Ka ce na san yadda kuke. In maganar addini ce, kwantar da hankalinka. Hawa na ɗaya Duruz ne, na biyu Ummu Fadi ce da gicciyenta, na huɗu ni, na biyar 'yan Sunna ne daga Saida. Ba wanda ke leƙen inda wani yake ajiye hannunsa in yana salla. Faɗanmu ɗaya ne, wurin shanya a saman rufi.

Jiya muna shan gahawar safe na gaya wa Ummu Fadi ɗana zai dawo daga Afirka. Ta ce, "Ɗan Afirka? To ya zo mana da koko da kofi, kada ya zo da aku. Wancan na ginin can akunsa ya iya zagi da harshe uku." Muka yi ta dariya. Ka ga irin mutanen da za ka zauna da su, baki ne kawai, ciki fari.

Makaranta kuma, akwai wadda ke kan tudu, tafiyar minti goma a ƙafa. Faransancinsu mai kyau ne, ni da na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da shi ba na yabo haka kawai. Na je da kaina na ga shugabar. Ta duba sakamakon, ta duba hoton, ta ce yarinya kyakkyawa, ga ta da ƙoƙari. Ta ba ta gurbi a aji huɗu. Sauran takardu sai kun zo.

Ka ce wa Matenin ina amsawa. Ka aiko mini da ranar zuwanku in sa a wanke gidan.

Innarka,
Nuhad

Abijan, 4 ga Mayu, 2003

Inna Nuhad,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da wahala. Allah ya saka da alheri, ya ɗauke miki ciwon gwiwar nan gaba ɗaya. Muna lafiya. An fara ruwa, Lamis ta fitar da haƙori ɗaya.

Inna, ba addini nake nufi ba, kuma ina jin kin sani, kawaici kawai kika yi mini. Bari in faɗa da bakina tunda na kasa a takardar farko. Matata baƙa ce, 'yata kuma duk wanda ya gan ta da idon basira ya san uwarta baƙa ce. Abin da nake tsoro ke nan.

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Lokacin rasuwar Baba, shekara huɗu da suka wuce, Matenin ta haɗa jakarta za ta biyo ni. Na ce mata babu kujera a jirgi. Akwai kujera, Inna, jirgin rabinsa babu kowa. Na zauna a zaman makoki can gida a garin Sur kwana bakwai, ana tambayata ina iyali, ina cewa suna gaisuwa. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ba ta taɓa taka ƙasar ubana ba, kuma ni ne sanadi. Duk lokacin da na tuna sai in ji ba na son kallon fuskarta.

Shi ya sa da na zo inda kika ce shugabar makaranta ta duba hoton ta karɓi Lamis nan take, sai da na ajiye takardar na fita waje. Ashe ni ne nake ta zargin mutanena a banza. Ta gan mu mu uku, ta ga Matenin da hannunta a kafaɗar yarinyar, ba ta ce komai ba sai alheri. Na fassara wa Matenin wurin sau biyu. Sai ta ce, "To, mu je." Dā ita ce ba ta so.

Ta riga ta sanar da asibiti za ta bar aiki ƙarshen Agusta. Ta sayi littafin koyon Larabci, kullum da yamma ita da Lamis suna zaune suna gwama baƙaƙe, suna yi mini dariya wai rubutunmu kamar sawun kaji. Ta ce in tambaye ki me ake kai wa maƙwabta in an tare a sabon gida, don kada ta yi abin kunya. Tana so ta dafa musu aceke, dambun rogo na nan ƙasar, da kifi, na ce ta bari su fara sanin ta tukuna.

Su Ummu Fadi fa, sun ga hoton? Me suka ce? Kada ki rage mini komai, yanzu zuciyata ta yi ƙarfi.

Ɗanki,
Wasim

Bshamun, 19 ga Yuni, 2003

Ɗana Wasim,

Ina gaishe ka, da Matenin, da Lamis. Lafiyata ƙalau, kada ka ɗauka ciwo ne ya hana ni amsa maka mako shida. Da ciwo ne da na fi samun sauƙi.

Makon jiya na ba wani mai zuwa Abijan ambulan ɗin makaranta a rufe, da layi biyu na gaisuwa. Idan Allah ya sa ba a buɗe shi ba, kada ka bari Matenin ta buɗe. Ka karanta wannan tukuna.

Ranar da na je makarantar, shugabar ta karɓe ni da mutunci, har da gahawa, domin na taɓa koyar da ƙanwarta. Ta riƙe hotonku ta ce rana ta Afirka ta dafa yarinyar da kyau. Sannan ta ɗora yatsa a kan Matenin ta ce, "Uwar ce ta ɗauki hoton, ko? Wannan da ita za su zo? Sun yi dabara, gara wadda yarinya ta saba da ita. Ya sunanta, in sa a yi mata katin ƙofa?"

Na ce, "Matenin."

Abin da na faɗa ke nan, Wasim. Ba ta tsare ni ba, ba ta yi mini tarko ba. Kalma uku kawai ake nema, ita ce uwar, kuma suna bakina. Na dubi kofin gahawa, na bar su suka wuce. Da ta zo layin sunan uwa a takardar sai na ce ku za ku cike in kun zo. Na fito ina gaya wa kaina don Lamis na yi, a fara samun gurbin tukuna, gyara ya biyo baya. Ƙarya ce. Kunya na ji, a gaban matar da ba ta kai ni shekaru ba. Ban so ta san cewa a danginmu ne.

Kai ba ka san tsarin ba, don bayan tafiyarka aka fara. Ba a ba da yaro sai an nuna kati. Na iyaye shuɗi ne, da shi ake shiga harabar a zauna a inuwa. Na direbobi da masu aiki rawaya ne, su a ƙaramar ƙofar gefe suke tsayawa, a miƙo musu yaran. Ni na ɗauka sai Oktoba za a yi katunan, kafin nan na gyara. Shekaranjiya Ummu Fadi, da jikarta ke can, take tambayata ko na karɓo namu, wai suna cikin ambulan ɗin da ake bayarwa a Yuni. Na tashi tsaye ban san na tashi ba, sai da Almaz ta riƙe ni.

Ka tambaye ni ko maƙwabta sun ga hoton. Ba su gani ba. Yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin takardun wuta. Hajj Adnan ma sunan mahaifinka kawai ya ji.

Da takardarka ta zo kana cewa ka zargi mutanenka a banza, kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. Na zauna in amsa ya fi sau goma. Ka buɗe mini cikinka a kan kujerar jirgi, ni kuma ina zaune a kan wadda ta fi ta muni. Ni da na yi shekaru ina hukunta 'ya'yan mutane a kan ƙarya.

Ban ce ka yafe mini ba. Ka dai riga ta zuwa ga ambulan ɗin.

Nuhad

Abijan, 22 ga Yuni, 2003

Inna,

Ina gaisuwa. Ban san ko lafiya kike ba, tunda layi biyu kawai na gani daga gare ki cikin mako bakwai. Mu jikinmu lafiya.

Ambulan ɗin makaranta ya iso yau, muna cin abincin rana. Lamis ta ga tambarin makarantar ta ce nata ne, ita za ta buɗe. Kati biyu suka faɗo. Shuɗi da hotona. Rawaya da fuskar Matenin, an yanko ta daga hoton da na aiko, har ana ganin gefen kunnen Lamis a ƙasa. Yarinyar ta ɗauka ta karanta da ƙarfi, da irin muryar da take karatu a aji: "Matenin, mai aikin gida, ƙofar gefe." Sai ta dubi uwarta ta tambaya ko sabon aikin da za ta yi a can ke nan.

Kin san abin da ɗanki ya ce? Na ce kuskure ne, za a gyara. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa ai kati ne kawai. Matenin ta dube ni, ta wanke hannunta, ta ɗauki jakar aiki ta fita, alhali yau ba ranar aikinta ba ce.

Don Allah ki je makarantar nan ki nemo magatakardan da ya yi wannan ki wanke shi tas, irin wankin da kika iya. Shugabar ta san gaskiya, ke kika nuna mata hoton. Ki sa ta rubuto da hannunta ta ba da haƙuri, ko Matenin za ta saurara.

24 ga wata. Ban samu mai tafiya ba, sai ga takardarki ta 19 ta iso. Na karanta. Ban goge abin da na rubuta a sama ba, ki gani da idonki yadda na yarda da ke.

Na so in yi fushi da ke, na ma yi, na wuni ɗaya. Amma duk zagin da na shirya miki, in na juya shi sai in ga ni ya fi dacewa da shi. Ni na rubuta miki "kin san yadda muke" don na kasa rubuta kalmar. Ni na tura ki da hoto ya yi maganar da na kasa yi.

Na fassara wa Matenin takardarki, ban rage ko kalma ba. Da na zo wurin kujerar jirgi sai ta tambaya wace kujera, dole na gaya mata. Ta ce ta sani tun ranar, domin ita ta kira ofishin jirgin ta tambaya. Shekara huɗu tana riƙe da shi ba ta ce mini komai ba.

Ban san abin da za mu yi ba. Kada a wanke gidan tukuna.

Wasim

Bshamun, 15 ga Yuli, 2003

Ɗana Wasim,

Ina gaishe ku duka, in an yarda a amsa. Jiki da sauƙi. Zafi ya sauko, wuta kuma ta koma wasan ɓuya.

Na je makarantar washegarin da na aika maka waccan takarda. Ban karɓi gahawa ba. Na ce wa shugabar matar da ke hoton ita ce uwar Lamis, ungozoma ce, surukarmu ce, kuma na sani tun ranar farko na yi shiru. Ta yi ja, ta ba da haƙuri, ta ce gurbi yana nan, za a yi kati shuɗi. Har na fara jin sanyi. Sai ta raka ni ƙofa ta rage murya ta ce, a matsayin shawara kawai, zai fi wa yarinyar sauƙi in kai ko ni muke zuwa ɗaukarta a watannin farko, har yara su saba da ita. Wai yara ba su da linzami a baki. Ka ce kada in rage maka komai, to ban rage ba.

Na kuma fito da hoton na ajiye a kan tiren gahawa. Ummu Fadi ta ɗauka ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ce matar? To ke Nuhad me ya sa kika ɓoye, mu mayu ne? Ungozoma kika ce? Ai surukata na da cikin wata bakwai." Matar hawa na biyar kuwa nan take ta tuna ta bar tukunya a wuta. Hajj Adnan ya ce shi ba ya warware magana, amma ya tambaye ni sau biyu ko danginta za su riƙa zuwa. Haka gininmu yake, ba duka ba ne, ba kuma babu ba.

Wani abu ya faru da ban zata ba. Almaz tana jin duk wannan daga kicin. Da suka watse sai ta ce, in ba zan ji haushi ba, ita ta san unguwannin nan fiye da ni. Shekara tara tana gidana, ban taɓa tambayarta yadda ake yi mata a waje ba. Na ce ta zauna. Ta tsaya tana neman inda za ta zauna, domin ba ta taɓa zama a falona ba, ni kuma sai ranar na lura.

Ta san mai burodin da ke sallamar ta a kan layinta, da wanda sai ya gama da kowa. Ta san kantin maganin da ake ce mata madam. Ta san makarantu ta ƙofofinsu na gefe, don ƙawayenta a nan suke wuni. Ta ce akwai wata ƙaramar makaranta a gangaren unguwar Hadas, ƙofarta ɗaya ce, kowa a nan yake jira, kuma akwai yara biyu da uwarsu 'yar Senegal ce, tana zuwa da kanta. Mun je tare a tasi, na gani. Ginin tsoho ne, Faransancinsu bai kai na kan tudu ba, amma wannan ni zan iya cikewa a gida. Akwai gidajen haya kusa.

Ban ce ku zo ba, ba ni da bakin cewa haka. Na dai gaya maka abin da na samo, da wadda ta samo shi. In Matenin za ta yarda ta rubuto mini, ko zagi ne, ta rubuto da Faransanci, zan karanta.

Innarka,
Nuhad

Abijan, 10 ga Agusta, 2003

Inna Nuhad,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ce Matenin. Ina fatan zafin ya yi sauƙi, gwiwar kuma ta lafa. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in kin zauna, kada ki bar ta a rataye. Muna lafiya. Ki gaishe mini da Almaz, ki ce na gode, ita kaɗai ce ta amsa tambayar da aka yi tun farko, ta wurin da babu yawan ido.

Ba zagi zan yi ba. Katin bai ba ni mamaki ba, Inna. A nan Abijan, a garin da aka haife ni, na sha shiga shagon 'yan'uwan Wasim riƙe da Lamis a tambaye ni ina madam. Na iya amsa wannan, na daɗe ina amsawa. Takardarki ta 19 ta yi mini zafi, amma ke kin faɗi naki cikin mako goma, wanda nake kwana da shi sai da ya shekara huɗu. Na yafe miki. Da don ni kaɗai ce, da na zo, na tsaya a duk ƙofar da na ga dama.

Har na fara tunanin makarantar Hadas ɗin. Na ce wa Wasim ya ba ni mako biyu.

Ranar Laraba ina yi wa Lamis kitso a tsakar gida, tana zaune tsakanin ƙafafuna. Tun ranar katin ba ta sake tayar da maganar ba, na ɗauka ta manta. Ta ga babanta ya rame, ta ji mun daina hira. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mama, na samo dabara. In mun je can, a ƙofar makaranta zan riƙa ce miki Matenin, in mun dawo gida in ce Mama. Ba zan gaya wa kowa ba. Kin ga ba wanda zai ji kunya, Baba ma zai yi murna."

Ta faɗa da fara'a, tana jiran in yaba mata. Na gama kitson, ban san yadda na gama ba.

Shekararta takwas. Ba ta taɓa ganin Labanan ba, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Daga kati ɗaya da fuskar ubanta ta gane abin da ake so, ta kuma yarda za ta yi don tana son mu. Na gaya wa Wasim da ya dawo daga shago. Ya shiga ɗaki ya rufe, na ji kukansa, ban bi shi ba.

Na koma asibiti na janye takardar barin aiki. Nan akwai tsoro, na sani, wata rana sai mun kwanta a ƙasa in an fara harbi. Amma in na je ɗaukarta tun daga nesa take ƙwala mini kira, duk layin ya ji ko ni wace ce. Ba zan kai ta inda za ta koyi rage murya ba, ba bana ba, sai ranar da na tabbata ta manta da wannan dabarar.

Ki ba Hajj Adnan haƙuri. Ki mayar wa makarantar kan tudu da gurbin, su ba wata yarinya.

'Yarki,
Matenin, uwar Lamis